Ƙarin Takardun Shaida Ga Masu Babban Digirin Ilmin Kiwo

A kowace shekara jami'o'in Nijeriya suna yaye ɗalibai masu digiri na biyu da na uku a fannin ilmin kiwon dabbobi. Waɗannan mutane sun yi shekara bakwai, wasu har fiye da goma, suna nazarin saniya da tunkiya da akuya da kaza. Sun san abin da dabba take bukatar ci domin ta yi ƙiba ko ta kawo nono, sun san yadda ake zaɓen bajimi ko ragon barbara, sun kuma iya auna amfanin abinci a ɗakin bincike. Amma da yawa daga cikinsu, ranar da aka ɗauke su aiki aka ce su tsaya gaban aji, ko su je ruga su yi wa makiyaya bayani, sai abin ya ba su wuya. Dalili kuwa shi ne, koyarwa sana'a ce mai zaman kanta, haka kuma kai ilmi cikin karkara, kuma babban digiri ba ya koyar da ko ɗaya daga cikinsu. Saboda haka aka tanadi waɗansu ƙarin takardun shaida waɗanda ɗalibi zai iya nema bayan digirinsa ko kuma tare da shi. Ya kamata ɗalibai da iyayensu su san su, haka nan hukumomin da ke ɗaukar ma'aikata, da makiyayan da za a aika wa waɗannan ma'aikata.

Abin da digiri ya bari

Ɗalibin da ya shiga jami'a domin karatun aikin gona yakan yi shekara biyar. A cikin shekarun nan yakan taɓa kowane fanni kaɗan-kaɗan, har da darasi ɗaya ko biyu a kan aikin malaman gona, kuma yakan yi shekara guda ta aikin hannu a gonar makaranta. Da zarar ya koma neman digiri na biyu sai hanya ta ƙuntata. Wannan ya ɗauki fannin abincin dabbobi, wancan ya ɗauki fannin iri da gado, wani ya ɗauki yadda jikin dabba yake aiki, wani kuma ciyawa da makiyaya, ko sarrafa nama da nono. Daga nan abokan hulɗarsa su ne malamin da ke duba bincikensa da dabbobin gwaji. Harshen aikinsa Turanci ne, kuma waɗanda za su karanta rubutunsa masana ne irinsa. Haka ya kamata bincike ya kasance, ba wanda zai ga laifin wannan.

Sai dai a duba inda dabbobin ƙasar suke. Ƙidayar dabbobi da aka yi a faɗin Nijeriya a 1990, wadda aka haɗa da shawagin jirgin sama, ta nuna akwai shanu kimanin miliyan 13.9, da awaki miliyan 34.5, da tumaki miliyan 22.1. Yawancinsu ba a gonakin gwamnati ko na kamfanoni suke ba. Shanun suna hannun Fulani da Shuwa da manoman ƙauye, awaki da tumaki da kaji kuwa suna cikin gidaje, galibi a hannun mata. Adadin ya canja tun daga lokacin, amma masu riƙon dabbobin ba su canja ba. Kowane sakamako na bincike, kome kyawonsa, sai ya isa kunnen waɗannan mutane cikin harshen da suke ji, sun gamsu da shi, kafin ya ƙara wa ƙasa ko da ƙwarya guda ta nono.

Akwai wata matsala kuma wadda ta shafi kiwo musamman. Ayyukan raya noma da aka fara da taimakon Bankin Duniya a Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970, waɗanda daga baya suka bazu kowace jiha, sun fi mai da hankali ga amfanin gona, watau masara da dawa da auduga da takin zamani. Wajen ƙarshen shekarun 1980 aka haɗe aikin malaman gona wuri ɗaya, aka ce malami guda shi zai kai wa manomi saƙon shuka da na kiwo da na kifi da na gandun daji. Tun da yawancin malaman nan horon shuka suka samu, sai saƙon kiwo ya zama shi ne mai rauni a jakarsu. Ga shi kuma a jihohi da dama malami ɗaya ne ke da iyalai dubbai. Mai babban digirin kiwo wanda ya koyi aikin yaɗa ilmi shi ne mutumin da zai horar da waɗannan malamai, ya rubuta musu abin da za su faɗa, ya bi bayansu ya ga ko ya isa.

Inda abin ya samo asali

Al'adar haɗa bincike da koyarwa da yaɗa ilmi a jami'a ɗaya daga Amurka ta fito. A 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar Morrill, wadda ta ba jihohi filayen gwamnatin tarayya su sayar su kafa kwalejojin aikin gona da kuɗin. A 1887 aka yi dokar Hatch ta kafa tashoshin gwaji a waɗannan kwalejoji. Amma an lura manoma ba sa karanta rahoton tashoshin. A 1903 wani dattijo mai suna Seaman Knapp ya shawo kan wani manomi a Terrell, cikin Jihar Tekzas, ya gwada sababbin dabaru a gonarsa ta kansa, maƙwabta suna kallo, kuma abin ya yi tasirin da takardu ba su yi ba. A 1914 dokar Smith-Lever ta mai da wannan aiki na dindindin, aka zuba malaman gona a gundumomi ƙarƙashin kwalejojin. Bayan shekara uku, a 1917, dokar Smith-Hughes ta kawo koyar da noma da kiwo cikin makarantun sakandare.

Duk da wannan tarihi, jami'o'in Amurka sun daɗe suna yaye masu digirin dakta waɗanda ba a taɓa koya musu koyarwa ba. A 1993 aka fara wani shiri na shirya ɗaliban babban digiri domin aikin malanta a jami'a, kuma yanzu jami'o'i da yawa a can suna ba da ƙaramar takardar shaida a kan koyarwa ko a kan yaɗa ilmin noma. Yawanci kwas huɗu ne ko biyar, tare da aikin gwaji a gaban aji ko a gaban manoma, wani malami yana zaune yana dubawa. Ɗalibin kiwo yakan yi su a lokacin da yake bincikensa, kuma a rubuta masa su a takardar sakamakonsa.

Wannan tsari ya shigo Nijeriya ta hanyar da aka sani. A shekarun 1960 malamai daga Jami'ar Jihar Kansas, wadda ɗaya ce daga cikin kwalejojin dokar Morrill, sun zo Zariya sun taimaka wajen kafa tsangayar aikin gona da ta likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello. A 1963 aka buɗe wani sashe a Samaru domin isar da sakamakon bincike ga malaman gona, wanda ya girma har ya zama hukumar da ake kira NAERLS, mai buga ƙasidu da shirya shirye-shiryen rediyo ga manoman ƙasa baki ɗaya. Gonar dabbobi ta Shika, wadda aka kafa tun 1928, ta zama cibiyar binciken kiwo ta ƙasa, watau NAPRI, a 1976. Ke nan cibiyar da ke bincike da hukumar da ke yaɗa shi maƙwabtan juna ne a ƙarƙashin jami'a ɗaya. Amma ɗalibin da ke bincike a Shika yana iya gama digirinsa bai taɓa taka ofishin yaɗa ilmi ba, in ba shi ya nemi hakan da kansa ba.

Takardar koyarwa

A Nijeriya koyarwa sana'a ce da doka ta tsare. Dokar soja mai lamba 31 ta 1993 ta kafa Majalisar Rajistar Malamai, watau TRCN, kuma wanda yake so ya yi rajista da ita sai ya nuna takardar horon malanta. Digirin kiwo, ko da na dakta ne, ba ya cikin irin waɗannan takardu. Abin da mai digirin kiwo yake bukata shi ne babbar difilomar ilmin koyarwa, wadda ake kira PGDE. Tsangayoyin ilmi na jami'o'i suna yin ta, haka kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, tana yin ta ta hanyar karatu daga gida, ana haɗuwa a cibiyoyin karatu lokaci-lokaci. Ga mai karatu ba tare da wani aiki ba takan ɗauki kamar shekara guda. Bayan an same ta akwai jarrabawar cancanta ta majalisar, wadda aka fara a 2017, kafin a ba mutum lasisi.

A cikin difilomar ana koyar da halayyar ɗalibi da yadda yake fahimta, da tsara manhaja, da rubuta shirin darasi, da dabarun tambaya da na jarrabawa, da tafiyar da aji. Mafi muhimmanci shi ne makonnin da ɗalibi zai yi a wata makaranta yana koyarwa ana duba shi. A nan ne masanin abincin dabbobi yake gane cewa abin da ya yi wata shida yana nazari ba ya shiga darasin minti 40, kuma yaron aji huɗu na sakandare ba ya bukatar sunan kowane sinadari kafin ya fahimci dalilin da ya sa harawa ta fi karan dawa amfani ga tunkiya.

Bukatar irin wannan malami ta ƙaru. Manhajar manyan makarantun sakandare da aka fara aiki da ita a 2011 ta sa kiwon dabbobi cikin darussan sana'a, kuma da aka sake duba manhajar a 2025 aka rage yawan sana'o'in, kiwo yana cikin waɗanda aka bari. Akwai kuma kwalejojin aikin gona, da kwalejojin lafiyar dabbobi irin ta Vom, da kwalejojin horon malamai, da makarantun 'ya'yan makiyaya waɗanda hukumarsu ta ƙasa ta kafu a 1989. Ɗan bautar ƙasa mai digirin kiwo sau da yawa makaranta ake tura shi, a miƙa masa alli ran da ya iso. Wanda ya yi niyyar zama a wannan aiki bayan shekararsa ta ƙare, gara ya nemi difilomar da wuri.

Takardar yaɗa ilmi cikin karkara

Ita wannan dabam take da ta koyarwa, kuma ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya. Sassan koyar da aikin malaman gona a jami'o'i, irin su na Zariya da Ibadan da Nsukka, da jami'o'in aikin gona na Makurɗi da Abeokuta waɗanda aka kafa a 1988, su ne gidan wannan fanni, kuma da dama daga cikin jami'o'in ƙasar suna yin babbar difiloma a kansa. Ban da difiloma akwai gajerun kwasa-kwasai na mako ɗaya zuwa 'yan watanni waɗanda cibiyoyin bincike da na horo suke shiryawa.

Babban bambancin shi ne ɗalibin malamin gona baligi ne. Ba wanda ya tilasta masa zama, ba jarrabawar da yake tsoro, kuma dukiyarsa ce za a yi gwajin da ita. Bafulatanin da ya yi shekara arba'in yana bin shanu ya san sammore da kirci da ciwon hanta tun kafin a haifi malamin, ya san ciyawar da ke sa nono da wadda ke kumbura ciki, ya kuma san kowace saniya da sunanta da na uwarta. Darasi na farko a wannan horo shi ne sauraro, watau yadda ma'aikaci zai shiga gari ta hannun mai unguwa ko ya shiga ruga ta hannun arɗo, ya zauna ya ji abin da ke damun mutane, kafin ya buɗe jakarsa. Sau da yawa abin da ya zo da shi ba shi ne abin da ya dame su ba. Shi ya zo da maganar ingantaccen iri, su kuwa abin da ya hana su barci shi ne mashaya da burtali.

Sa'an nan ana koyar da yadda sabon abu yake yaɗuwa cikin jama'a. Wani bincike da aka buga a 1943 a kan manoman Jihar Ayowa ta Amurka ya nuna cewa sun ɗauki shekaru tsakanin jin labarin sabon irin masara da shuka shi a gonarsu duka, kuma maganar maƙwabci ta fi ta ɗan kasuwa nauyi a lokacin yanke shawara. A 1962 Everett Rogers ya tattara irin waɗannan bincike ya kasa mutane gida biyar: 'yan ƙalilan masu saurin gwada sabon abu, kimanin 2.5 cikin 100. Masu bin bayansu da wuri, 13.5, sai manyan rukunai biyu na tsakiya, kowanne 34, da masu jinkiri, 16. Amfanin sanin wannan ga ma'aikaci shi ne kada ya yi fushi in mutum uku kaɗai suka karɓi shawararsa a shekarar farko, kuma ya san wa zai fara nema. Amma masu horo nagari sukan ja kunnen ɗalibi game da rukunin ƙarshe. Wanda yake da akuya biyu kacal, in ya ƙi gwada sabon abinci a kansu, ba taurin kai ba ne, lissafi ne, domin in ɗaya ta mutu rabin dukiyarsa ya tafi.

Ana kuma koyar da fassara ilmi zuwa ma'aunin da mutane ke amfani da shi. Alal misali, masana sun tabbatar cewa bambaron shinkafa ko karan hatsi da aka daddatsa yana ƙara amfani ga shanu in aka jiƙa shi da ruwan takin yuriya, wajen kilo 4 na taki ga kilo 100 na bambaro, aka danne aka rufe shi ruf na mako biyu zuwa uku. A takarda wannan jimla ɗaya ce. A ƙauye kuwa babu sikeli. Dole ma'aikaci ya auna da kansa tukuna ya san mudu nawa ne kilo 4, dami nawa ne kilo 100, bokiti nawa na ruwa, da abin da za a rufe ramin da shi in babu leda. Dole kuma ya yi gargaɗin da ba za a manta ba, cewa yuriya guba ce in dabba ta ci ta tsurarta ko ta sha ruwanta. In ya yi bayanin rabi da rabi, saniya ta mutu, to ba wannan dabara kaɗai ta mutu a garin ba, duk abin da zai kawo nan gaba ya mutu tare da ita. Shi ya sa ake horar da ɗalibi ya yi abin da hannunsa a gaban jama'a, sa'an nan ya sa ɗaya daga cikinsu ya maimaita yana kallo.

Wani misali da ya kamata kowane ɗalibin kiwo ya sani ya faru a kudancin Jihar Kaduna a shekarun 1980. Masu bincike na cibiyar kiwo ta Afirka, wadda ake kira ILCA a lokacin, sun ƙirƙiro rumbun ciyawa, watau fili mai kimanin hekta 4 da ake shingewa a shuka ciyawar sitailo, mai gina jiki, a ajiye ta domin rani. Lissafin masanan shi ne a riƙa sa shanu masu ciki da masu shayarwa su yi kiwo a ciki na 'yan sa'o'i kowace rana, domin a nan ribar nono da ta 'yan maruƙa take. Makiyaya da yawa da suka karɓi rumbun ba su bi wannan ba. Sun sa raunanan shanu waɗanda suke tsoron rani zai kashe, wasu ma sun sa garken duka. A wurinsu tsirar da ran dabba ya fi ƙarin nono. Ga kuma matsalar fili, domin wanda ba shi da tabbacin za a bar shi a wurin baɗi ba zai kashe kuɗin shinge ba. Ciyawar ba ta da aibi, lissafin abincin ma daidai yake. Masu nazarin zaman jama'a da ke cikin ayarin su ne suka bi makiyayan suka gano dalilansu, aka gyara shawarar. Irin idon da suka duba da shi shi ne abin da takardar yaɗa ilmi take ƙoƙarin ba masanin kiwo.

Tarihi ma yana cikin abin da ma'aikaci zai riƙe. Shekaru da yawa ana karɓar jangali bisa yawan shanu, har aka soke shi a shekarun 1970, kuma tun daga zamanin makiyayi ya koyi ɓoye adadin garkensa ga duk wanda ya zo da takarda da alƙalami. Ma'aikacin da ya fara da tambayar "shanunka nawa?" ya rufe ƙofa da hannunsa. A ɗaya gefen kuma, makiyaya sun ga amfanin allurar bushiya da idonsu, tun daga babban gangamin da aka fara a 1962 a Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru. Da aka yi sakaci cutar ta dawo a 1983 ta yi ɓarna mai yawa, kuma sai a 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya. Dattawan ruga suna tune da wannan, kuma wanda ya san labarin yana da inda zai kafa maganarsa in ya zo da batun rigakafin ciwon huhu ko harbin daji.

Batun mata kuwa ya isa a tsaya a kansa. Nonon garke a hannun matan Fulani yake, su ke sarrafa shi su sayar. Kiwon kaji da awaki, da turkar ragon layya da dusa da harawa da kowa, yawanci aikin matan gida ne. A garuruwan da ake kulle namiji baƙo ba ya shiga, saƙon da aka ba maigida a dandali kuwa ba lalle ne ya isa cikin gida yadda aka faɗe shi ba. Cibiyar Vom tana yin maganin rigakafin annobar kaji mai jure zafi, wanda ake ɗigawa a idon kaza, kuma mace tana iya koyon ɗiga shi a zama ɗaya, in an sami mace mai koya mata. Saboda haka ɗaliba mai digirin kiwo wadda ta ƙara da horon yaɗa ilmi tana iya isa inda abokan karatunta maza ba za su taɓa isa ba, kuma ya kamata iyaye su san haka in 'yarsu ta nemi izinin ƙarin wannan shekara ta karatu.

Sauran darussan su ne shirya taro da ranar baje koli a gona, da rubuta ƙasida cikin Hausa ko Fulatanci mai sauƙi, da magana a rediyo, da aika saƙon murya ta wayar hannu, da makarantar manoma ta fili, wadda aka fara a Indunisiya a 1989 kuma daga baya aka daidaita ta da bukatun makiyaya. Akwai kuma auna sakamako, domin ƙirga waɗanda suka zo taro ba shi ne ƙirga waɗanda suka canja yadda suke kiwo ba.

Abin da takardun ba su bayarwa

Kada a rikita waɗannan takardu da rajistar sana'a. Dokar Majalisar Tarayya mai lamba 26 ta 2007 ta kafa Cibiyar Masana Ilmin Kiwo ta Nijeriya, watau NIAS, kuma ita ke yi wa masana kiwo rajista. Wannan wajibi ne na dabam. Haka nan babu ɗaya daga cikin takardun da ya mai da masanin kiwo likitan dabbobi. Gano cuta da rubuta magani da yin tiyata aikin likita ne wanda ya yi rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi. A ƙauye duk wanda ya zo daga gwamnati a kan maganar dabba "likita" ake ce masa, kuma za a kawo masa marar lafiya. Horo mai kyau yana koya wa ma'aikaci ya san iyakarsa, ya kuma san likitan da zai tura mutane wurinsa.

Yaushe, kuma a ina

A Amurka, kamar yadda aka faɗa, ɗalibi yana haɗa ƙaramar takardar da digirinsa. A Nijeriya ƙa'idar jami'o'i da yawa ba ta yarda mutum ya yi rajistar karatu biyu a lokaci ɗaya ba, saboda haka difiloma takan zo ne kafin digiri na biyu ko bayansa. Amma akwai abin da ɗalibi zai iya yi tun yana ciki. Yana iya roƙon malaminsa ya bar shi ya ɗauki darasin zaɓi daga sashen malaman gona. Yana iya neman a yi wani ɓangare na gwajinsa a garken makiyayi ko a gidan mai kiwo maimakon gonar jami'a kaɗai. Yana iya taimaka wa malaminsa a ajin aikin hannu na 'yan digirin farko, ya roƙi a duba shi a rubuta masa shaida. Wasu malamai suna ganin duk wannan ɓata lokacin bincike ne. Gaskiya ne yana cin lokaci, amma guraben aikin bincike zalla kaɗan ne, kuma yawancin ɗalibansu aji ko karkara za su ƙare.

Wanda zai zaɓa tsakanin biyun ya dubi inda ya nufa. Mai son makaranta ko kwaleji ya fara da difilomar koyarwa, tun da doka ce ta neme ta. Mai son aiki da ma'aikatun jihohi, ko kamfanonin nono da na abincin kaji, ko ƙungiyoyin raya karkara, ya fara da ta yaɗa ilmi. An kafa Ma'aikatar Raya Kiwo ta Tarayya a 2024, kuma kafin nan, a 2022, Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 500 domin shirin bunƙasa kiwo na L-PRES. Ayyuka irin waɗannan suna bukatar mutanen da suka san dabba kuma suka iya magana da mai ita.

Kafin a biya kuɗin kowane kwas, a bincika ko makarantar tana da izinin hukumar da ke kula da ita, watau Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa in jami'a ce. In difilomar koyarwa ce, a tambayi ofishin TRCN na jiha ko yana karɓar ta wannan makaranta. Sa'an nan a tambayi masu kwas ɗin mako nawa ɗalibi zai yi a gaban aji na gaske ko a ƙauye, da wanda zai zo ya duba shi. Akwai masu tara mutane a otal kwana biyu, ko su aiko da darasi ta intanet, su raba takarda mai hatimi da zinariya, ba tare da kowa ya tsaya gaban ɗalibi ko makiyayi ko sau ɗaya ba. Hukumomin da ke ɗaukar ma'aikata suna da hanya mai sauƙi ta tantancewa: a ranar ganawa a ba mai neman aikin minti 10 ya bayyana, cikin harshen mutanen da zai yi wa aiki, yadda ake turka rago na wata uku da abincin da ake samu a kasuwar garin, da abin da zai ci na kuɗi.